Farar Ƙwaya a Ƙoƙon Rubutu

Mu biyu uwarmu ta haifa a Gubuchi, ni Ummuhani da ƙanwata Atika, kuma mutanen gari sun daɗe da yanke hukunci cewa kunyar da aka aiko wa gidanmu Atika ce ta kwashe ta duka. Ban taɓa musawa ba. Bakina ya kashe mini aure biyu, na dawo gida na kama suyar ƙuli-ƙuli, kuma har yau ban yi nadama ba. Ita kuwa Atika, ko kaza ce ta taka mata ƙafa, ita za ta ba kazar haƙuri. Da aka kai ta Kudan, gidan Malam Ashafa, malamin da manyan mutane ke zuwa ɗaukar karatu wurinsa tun daga Ikara da Paki, kowa ya ce an dace. Ɗansa na fari, Auwalu, malamin firamare, shi ya aure ta, kuma shi ma irinta ne, magana sai an ciro ta daga bakinsa da ƙugiya.

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ciwon ya kama ta. Ya fara da kasala da ciwon gaɓoɓi, daga baya idanunta suka koma ruwan ɗorawa. Kowa ya ce shawara ce. Aka jiƙa mata saiwoyi, aka hana ta mai da nama, aka cika ɗakinta da rake, tunda abin da Kudan ba ta rasa ba ke nan. Wata ya bi wata, ita kuma sai ƙara ramewa take, ciki yana tasowa. Na je na gan ta, na tayar da hankalin kowa a gidan, har Malam ya yarda a kai ta asibiti Zariya. Sharaɗi ɗaya ya kafa, ta bakin ƙanensa Baffa Sada: kada a yi mata allura, domin a wurinmu an san allura da mai shawara ba sa haɗuwa.

Mu uku muka je, ni da ita da Auwalu. Likitan da muka samu wani matashi ne Bazazzagi, Likita Jumare, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a ƙasar waje ba. Ya kwantar da ita kwanaki, ya yi gwaje-gwajensa, sannan ya zaunar da mu.

Ya ce, "Malam Auwalu, wannan ba shawarar da kuka sani ba ce. A cikin jinin kowa akwai wasu dakaru, fararen ƙwayoyi, aikinsu su kashe cuta idan ta shigo. Na matarka sun ruɗe, sun ɗauki hantarta abokiyar gaba, su ne suke cin ta. Ba sammu ba ne, ba kuma wani abu ta ci ba."

Auwalu ya sunkuyar da kai ya ce to. Atika ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ga idan na biye musu haka za mu tashi, sai na ce, "To likita, shi jikin mutum ba shi da mai raba faɗa ne?"

Ya yi murmushi ya ce, "Yana da shi, Yaya, har fiye da ɗaya. Akwai wani ɗan maiƙo da jiki ke yi da kansa, Turawa suna ce masa furostagilandin. Ayyukansa da yawa, ba mu gama saninsu ba. Wani lokaci shi ke hura zafi da kumburi, wani lokaci kuma muna ganin shi ke ce wa dakarun nan su dakata. Shi ne yake tsare bangon tumbi kada ya yi jini, kuma ga mai ciwon hanta, shi ke riƙe ƙoda ta ci gaba da yin fitsari." Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko farar ƙwaya ya nuna mana. "Kun san wannan?"

Wa bai san asfirin ba? Kowane mai tebur a kasuwar Makarfi yana da ita.

Ya ce, "Bara aka gano yadda take aiki. Hana jiki yin maiƙon nan take, shi ya sa take kashe ciwon gwiwa da na kai. Ga mai lafiya ba wani abu ba ne. Ga Atika kuwa guba ce. Zan ba ta wasu ƙananan ƙwayoyi masu kwantar da dakarun, ta riƙa sha kullum. Amma wannan, ko gaɓoɓinta za su tsage don ciwo, kada ta sha. Malam Auwalu, ka ji ni da kyau?"

Auwalu ya ce, "Na ji, likita. In sha Allahu."

Sunan maiƙon nan ya gagari harshena, na bar shi a mai raba faɗa. Amma maganar ta zauna mini daram, na kuma ɗauka ta zauna wa mai ilimin boko fiye da ni. Muka dawo Kudan, jikinta ya fara kyau, idanu suka soma washewa, har ta iya tsokanata cewa na kusa korar likita daga ofishinsa da tambaya. Ruwa ya sauka, gonar gyaɗa tana jira, tsohuwarmu ba mai ɗebo mata ruwa, sai na koma Gubuchi.

Ana cikin noman biyu wani mai sayar da mazarƙwaila ya tare ni a kasuwar Makarfi, ya gaishe ni doguwar gaisuwa, ya tambayi gida da damina da tsohuwa, sai da ya gama duk wannan sannan ya ce jikin ƙanwata ya ɗan tashi. Na san mutanenmu. In sun ce ya ɗan tashi, to a nemi mota.

Na same ta kwance, ƙafafu sun kumbura, ciki ya yi tulu, idanu sun fi na da rawaya. Ta yi ƙoƙarin tashi ta gaishe ni, na danne ta. Ina cikin tambayarta ko tana shan ƙananan ƙwayoyin likita, tana ce mini ba ta taɓa fashi ba, sai ga sallamar Gwaggo Mero, yayar Malam, tsohuwar da ke riƙe da cikin gidan tun rasuwar matarsa. Ta shigo da ƙoƙon rubutu a rufe da faifai. Muka gaisa. Atika ta karɓa da hannu biyu, ta yi bisimilla, ta shanye, tsohuwa tana tsaye a kanta tana sa mata albarka. Da Gwaggo ta miƙa hannu za ta karɓi ƙoƙon, na riga ta, na ce zan ɗauraye. Bayan ta fita na duba gindinsa. Rubutu baƙi ne, kowa ya sani, to wannan akwai wani farin gari kwance a ƙasa. Na lakato na ɗanɗana, tsami ya kama mini harshe.

Na ce, "Atika, mene ne wannan?"

Ta juyar da fuska bango.

"Da ke nake. Mene ne a cikin rubutun nan?"

Ta ce, "Yaya, don Allah ki rage murya."

A hankali, ina ja tana nishi, labarin ya fito. Malam yana fama da ciwon gwiwa shekara da shekaru, har wani ɗalibinsa ya kawo masa asfirin daga Kano, ya sha ya miƙe ya yi salla a tsaye. Tun daga nan ba abin da ya yarda da shi a maganin Turawa kamarta, ga shi kuma ba allura ba ce. Yana son Atika, wannan ban taɓa shakka ba, domin ita ta yi jinyar matarsa har ta cika. Da ya ji surukarsa na kwana da ciwon gaɓoɓi, sai ya fara aiko mata daga tasa kwalbar, safe da yamma, ya yi tofi a kai. Ita kuma ta riƙa karɓa da godiya tana ɓoyewa a wani gwangwani a ƙarƙashin gado. Da an tsaya nan, da ba abin da ya faru. To sai Auwalu ya ga ya kamata a sanar da Malam maganar likita. Kuma bayan an sanar da shi ne ƙwaya ta daina zuwa a dunƙule, ta koma zuwa a niƙe cikin rubutu.

Na ce, "Ba ki da baki? Ba ki ce wa Gwaggo likita ya hana ba?"

"Na faɗa sau ɗaya. Ta ce, likitan ne ya hana shan ayar Allah? Sai na karɓa na shanye." Ta numfasa. "Yaya, ya zan yi? In zubar da sunan Allah a ƙasa? In mayar wa Malam da ƙoƙonsa? Ni da ko inuwarsa ban taɓa takawa ba."

Na fita na tarar da Auwalu ya dawo daga makaranta yana jingine kekensa a gindin bishiyar bedi. Ban amsa gaisuwarsa ba.

Na ce, "Kai da kunnenka ka ji abin da likita ya ce. Me ka faɗa wa mahaifinka?"

Ya ce, "Yaya, kin san ni ɗan fari ne. Tunda nake, ni da Malam ba mu taɓa zama mun yi magana baki da baki ba. Ko sunana ba ya kamawa. Baffa Sada na samu."

"Ka ce masa me?"

"Na ce likita yana ganin da an ɗan sassauta farar ƙwayar nan, da ya fi."

"A sassauta? Likita guba ya ce!"

Ya ce, "Ya zan aika wa Malam cewa abin da yake bayarwa da hannunsa guba ne?" Idanunsa suka kawo ruwa. Ya ce da ya ga abin ya koma cikin rubutu ya sake komawa wurin Baffa har sau biyu, Baffa ya ce yana neman lokacin da ya dace. Na dubi mutumin nan mai koya wa 'ya'yan mutane karatu, na ji tausayinsa, na kuma ji kamar in mare shi.

Baffa Sada yana bayan gida yana gyaran turken jakinsa. Shi ma dattijon kirki ne, duk gidan mutanen kirki ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na tambaye shi abin da ya isar.

Ya ce, "To 'yar nan, Malam yayana ne, kuma malamina ne. Ba a shiga wa babba da gyara kai tsaye. Na ce masa likita ya yaba ƙwarai da kulawar da ake yi, ya ce dai ita ƙwayar a riƙa bi da ita a hankali. Na ɗauka zai gane."

Ai kuwa ya gane. Tsoho ya zauna ya yi tunanin yadda za a bi da ƙwaya a hankali, ya ga ba abin da ya fi a niƙe ta lukui a zuba cikin rubutu, ta shiga ciki da sauƙi tare da albarkar aya. Magana ta tashi daga Zariya tana guba, ta iso zauren Malam tana godiya, ba kuma wanda ya yi ƙarya a hanya.

Bayan la'asar ne, zaure cike da masu ɗaukar karatu, manyan mutane masu gemu, kowa da littafinsa a cinya. Mace ba ta ratsa wurin a irin wannan lokaci, ta ƙofar baya muke bi. Na shiga da ƙoƙon a hannuna. Na yi sallama, ban jira an gama amsawa ba, na durƙusa na ajiye shi gaban buzun Malam.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, farar ƙwayar da kake sa wa Atika a rubutu ita ke kashe ta. Likita ya ce guba ce gare ta, ya hana tun ranar da muka je. Ɗanka ya ji, ƙanenka ya ji, ita ma ta ji. Kunyarka suke ji, ni kuwa ba ni da ita."

Wani ya ce subhanallahi, wani ya ja rawani ya rufe baki. Malam ya cire tabarau, ya ɗauki ƙoƙon ya karkata shi wajen haske, ya daɗe yana kallon farin garin.

Ya ce, "Guba ya ce?"

"Guba ya ce."

"Tun kafin ruwa ya sauka?"

"Tun kafin ruwa ya sauka."

Ya ce, "Kuma ba wanda ya faɗa mini." Ba tambaya yake ba. Ya ɗaga gefen buzu, ya zaro kwalbar, ya miƙo mini da hannu biyu kamar ni ce babba. Sannan ya rufe littafin da ke gabansa, ya ce wa ɗalibai a tashi, ya ce a nemo mota yanzu a kai yarinyar nan Zariya, in ma allura ce a yi mata. Abin da ya gagari gida guda rabin damina, bai ɗauki tsawon gaisuwar safe ba.

Likita Jumare bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ya duba ta, ya tambayi launin bayan gidanta, ta ji kunyar faɗa, ni na faɗa masa baƙi ne kamar kwalta. Ya ja ni da Auwalu waje ya ce tumbi yana zubar da jini, ƙoda ta kusa tsayawa, hanta kuma ta ƙare. Na ce ƙwayar ce? Ya ce ba zai ɗora mata duka ba, ciwon da kansa mugu ne, wataƙila ko ba ita da ya ci ƙarfinta wata rana. Amma an bar dakarun nan da hanta ba mai shiga tsakani, kuma da ba a yi haka ba, da yana sa ran shekaru. Suka yi abin da za su iya, aka ƙara mata jini, aka yi allurar da ake tsoro, ba ta kashe ta ba, ba ta kuma tashe ta ba. Da Atika ta gane inda aka dosa, ta roƙa a mayar da ita ɗakinta.

A Kudan na tarar an gama shari'ata. Ba wanda ya ce na yi ƙarya. Abin da ake cewa shi ne na tozarta malami a gaban ɗalibansa, na sa tsoho ya daina fitowa karatu, ya daina cin abinci. Matan gida suka daina amsa mini sannu. Gwaggo Mero in ta shigo duba Atika sai ta gaishe da bango ta fita. Masu zuwa dubiya kuwa, kowace ta zauna sai ta yabi haƙurin mai jiki, ta ce irin Atika ba a samu, sannan ta harare ni ta gefen mayafi. Na ƙi kulawa. Na zauna ina juya ta, ina goge mata baki, ina ɗiga mata ruwa da cokali. Yawancin lokaci barci take, in ta farka ma sai ta kira ni da sunan tsohuwarmu.

Ran wata Laraba bayan la'asar ta buɗe ido tangaran, ta gane ni. Ta kama yatsana.

Ta ce, "Yaya."

"Na'am, Atika. Ga ni."

"An ce kin shiga zaure."

Na ce, "Na shiga. Gobe ma in ta kama zan shiga."

Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido. Na ɗauka ciwo ne, na tambaye ta ina ke mata zafi. Ta girgiza kai.

"Kin ba Malam haƙuri?"

Na ce, "Haƙurin me? Atika, ke ce a kwance."

"Don Allah, Yaya. Ba zan iya tafiya da wannan ba. Gidan mutane ne, sun riƙe ni da mutunci. Ki je ki ba shi haƙuri, ki ce ni na aiko ki."

Na ce zan je anjima. Ta ce yanzu. Na ce in ta yi barci. Ta ƙara matse mini yatsa da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ce, "Ban taɓa roƙonki komai ba." Gaskiya ta faɗa, tunda muka taso ba ta taɓa ba. Na gyara mata matashi, na kira Gwaggo Mero ta zauna da ita, na ce ina zuwa yanzun nan.

Malam yana ɗakinsa, an saki asabari. Na durƙusa a bakin ƙofa na yi sallama. Wannan karon sai da na bi gaisuwa daki-daki, na tambayi yini, na tambayi gajiya, na tambayi gwiwa, domin in za a yi abu don Atika sai a yi shi yadda za ta so. Ya amsa da wata murya da ban san shi da ita ba. Sannan na ce, "Allah ya gafarta Malam, Atika ce ta aiko ni. Na yi rashin kunya a zaure, a yi haƙuri a yafe mini."

Ina jin numfashinsa ta bayan asabari. Ni kuma ba a tashi daga gaban babba sai ya sallame ka, don haka na zauna a kan gwiwoyina ina jira, hankalina yana can ɗakin.

Daga ƙarshe ya ce, "Ummuhani, ke kaɗai kika girmama ni a gidan nan. Ki koma ki ce mata ni ne nake neman..."

Bai ƙarasa ba. Daga cikin gida muka ji Gwaggo Mero ta ɗaga murya da salati, sauran mata suka amsa.